Hoton wasanni na shiga gasa: tambayoyin ɗaliban hoto a Maraɗi da amsoshinsu

Ga tambayoyin da ɗaliban ɗaukar hoto suka fi kawowa idan gasar hoto ta gabato. An jera su daga fili zuwa ranar tura hoto. Lambobin da aka bayar na farawa ne, hasken ranar da ka fita shi zai sa ka ƙara ko ka rage.

Wane wasa ya kamata in ɗauka?

Wanda ka fi sani, kuma wanda za a bar ka ka matsa kusa da shi. A Maraɗi kokowa ce ta fi cika waɗannan sharuɗɗa biyu. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya, garin nan bai rabu da ita ba. Amma kada ka jira sai wannan gasa ta ƙasa, wato gasar Takobi, wadda jihohi takwas ke haɗuwa wajen ƙarshen Disamba. A can ƴan jarida sun cika bakin fili, ɗalibi ba ya samun wurin kirki sai da takardar izini. Kokowar ƙauye bayan kaka, da ta unguwa, da zaɓen ƴan kokowar da za su wakilci jiha, duk sun fi ba ka sarari, har ka zauna taku biyar daga inda ake yi.

Akwai kuma langa, da dambe, da sukuwar dawaki, da ƙwallon ƙafa. Ƙwallo ta fi wuya ga mai ƙaramin kaya, domin fili babba ne, kuma alƙalan gasa sun ga dubban hotunan ƙwallo da aka ɗauka da gilasan kamara da kuɗinsu ya sayi mota. Kokowa da langa ba su cika gani ba. Sai dai baƙuncin wasa ba ya rufe aibin hoto: in ya yi dishi-dishi, ya yi.

Kamarata ƙarama ce, gilashina kuma wanda ya zo da ita ne. Zan iya shiga?

Za ka iya. Kamara mai megafiksel 16 zuwa 24, ko da ta hannu ce, da gilashi mai zuƙowa irin 55-200, ko 55-250, ko 70-300, ta isa kokowar rana. Ƙaramin gilashin nan na 18-55 ma yana aiki in kana bakin da'ira, musamman wajen kirari da murnar kaye. Abin da gilashi mai tsada irin 70-200 f/2.8 ya fi su da shi abu biyu ne: yana shan haske da yawa idan yamma ta yi, kuma yana narkar da jama'ar da ke baya.

Waya tana iya yi idan gasar ta yarda da ita, amma da sharaɗi. Kada ka zuƙo da yatsa, domin yanke hoton kawai wayar ke yi tana buɗa shi. Ka matsa da ƙafarka, ka shiga sashen da ake saita komai da hannu, ka ɗaga saurin ƙiftawa, wato saurin buɗewa da rufewar kamara, in tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da kamara ba ta gyara ba, ka kunna. Ka kashe duk abin da ke gyara fata ko narkar da baya da kansa, domin gasa da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin canza hoto.

Yaya zan saita kamara?

Abu uku ne ke auna haske: saurin ƙiftawar kamara, da faɗin idon gilashi, da ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara. A wasanni saurin ƙiftawa ake fara tsayarwa, sauran biyun su bi shi.

Ga kokowa, 1/1000 na daƙiƙa. Lokacin da ƴan kokowa ke zagayen juna 1/500 ya isa, amma kaye ba ya sallama, kuma a 1/500 ƙafar da ta tashi sama da yashin da ya fantsama za su shafe. Ga dambe da langa ma 1/1000. Ga doki 1/2000, kuma ga dalili: dokin da ke sukuwa yana cin kusan mita 15 a daƙiƙa ɗaya. A 1/250 ya matsa santimita 6 kafin kamara ta rufe ido, a 1/2000 bai kai santimita ɗaya ba.

Faɗin ido kuwa, wanda ake rubutawa da f, ƙaramar lamba na nufin ido ya fi buɗewa, ka bar shi tsakanin f/4 da f/5.6. Da tsakar rana mai haske, ISO 100 da f/5.6 suna ba ka kusan 1/800. In hazon hunturu ya rufe rana sai ka hau ISO 200 ko 400. Daga ƙarfe biyar na yamma haske na raguwa da sauri, za ka kai 800, 1600, har 3200. Kada tsoron tsaki-tsakin da babban ISO ke kawowa ya sa ka rage sauri. Tsaki-tsaki ana rage shi a kwamfuta, hoton da motsi ya shafe ba shi da magani.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa kamara a M, wato sashen saiti da hannu, ka tsayar da sauri da faɗin ido, ka bar ISO ya riƙa hawa da sauka da kansa, ka yi masa iyaka a 3200. Sannan ka ƙara awon haske da +2/3 ko +1. Wannan ƙarin yana da muhimmanci a wurinmu. Farin yashi da fararen riguna suna ruɗin kamara, sai ta ga kamar haske ya yi yawa ta rage, fuskar ɗan kokowa ta koma baƙi ƙirin, ba a ganin ido balle gumi. Ka ɗauki gwaji, ka duba jadawalin haske, wato zanen da kamara ke nunawa daga duhu a hagu zuwa fari a dama, ka ƙara har fuska ta fito, amma kada jadawalin ya manne a bangon dama.

Ka ɗauka a RAW, ko RAW da JPEG tare. Ka gyara kwanan wata da agogon kamara kafin ka bar gida.

Na sa 1/1000 amma hoton bai yi kaifi ba. Me ya faru?

Ka buɗe hoton a kwamfuta ka zuƙo shi ɗari bisa ɗari, ka nemi wurin da ya yi kaifi. In jama'ar baya ce ta fito tsaf, ƴan kokowa suka yi dishi-dishi, to fokas ne, wato wurin da kamara ta zaɓa ya fito da kaifi, ya tsallake su. Yakan faru idan an bar kamara ta zaɓi wuri da kanta, domin ta fi son riguna masu kala da rubutun allunan talla a kan fatar mutum. Ka sa fokas mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, Canon kuma AI Servo. Ka zaɓi ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni, ka ɗora shi a kan fuska ko kafaɗar wanda ke fuskantarka. In fata ta hana kamara kamawa, ka ɗora a kan layu ko gurun da ke damtse, can akwai abin da za ta riƙe.

In fuskar ɗaya ta fito ta ɗayan ba ta fito ba, zurfin fokas ne ya yi kaɗan. A ƙaramar kamara, gilashin 200mm a f/2.8, daga nisan mita 15, kusan santimita 60 kawai ke fitowa da kaifi. A f/5.6 ya kai mita ɗaya da kwata. Mutum biyu da suka sunkuya, ɗaya na gaban ɗaya, sun wuce haka. Ko ka rufe idon gilashi kaɗan, ko ka jira su juya su ba ka gefe.

In babu inda ya yi kaifi ko kaɗan, ko dai gilashi ya yi datti, ko ƙurar da ke tsakaninku ta yi kauri, ko hannunka ya fizge lokacin dannawa. Ka manna gwiwar hannu a jikinka, hannun hagu a ƙarƙashin gilashi.

A ina zan zauna?

Ka iso kafin a fara da aƙalla awa ɗaya, ka zagaya filin. Abu biyu kake nema: inda rana za ta kasance, da abin da zai fito a bayan ƴan wasa.

Da yamma ka zauna ta yamma ko kudu maso yamma, rana na bayanka ko a kafaɗarka, haske na faɗawa a fuskokinsu. A Disamba rana na faɗuwa a Maraɗi wajen ƙarfe shida da ƴan mintoci, kuma hasken da ya fi kyau yana tsakanin huɗu da rabi da biyar da rabi. Da tsakar rana inuwa na cika kwarmin ido, hoto ya yi tauri. Idan ka riga ka samu hotuna masu kyau, to ka koma gabas ka fuskanci rana: ƙurar da ƙafafu ke tayarwa za ta kama haske, gefen jiki ya yi zare mai walƙiya. Wannan ya fi wuya, fokas na yawan ɓacewa, amma daga nan hotunan da ke tsayar da alƙali suka fi fitowa.

Ka zauna a ƙasa. Daga ƙasa ɗan kokowa na ƙara girma, tazarar da ke tsakanin ƙafa da yashi tana fitowa, kuma ba ka tare wa na bayanka. Ka guji wurin da sandar lantarki, ko lasifika, ko allon talla mai ja zai tsiro daga kan ɗan wasa. Wannan gyara a fili ake yinsa, da matsawa taku biyu, domin za ka ji a gaba cewa ba a yarda a goge shi daga baya ba.

Wane lokaci zan danna? Kullum kaye na wuce ni.

Nan ne gasar take. Duk sauran abubuwa ana koyonsu a mako guda, wannan kuwa sai da zama bakin fili.

Daga lokacin da ido ya gani zuwa lokacin da yatsa ya danna akwai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kamara ma ta ƙara nata jinkirin. Kaye kuma bai fi haka daɗewa ba. Ke nan wanda ya jira ya ga kaye, bayan kaye zai ɗauka. Dole ka danna a kan alamar da ke zuwa kafinsa. Ɗalibai sukan kalli fuska da hannuwa, alhali alamar tana ƙasa. Ka kalli ƙugu da ƙafafu. Idan ɗaya ya sauke ƙugunsa ƙasa da na abokin karonsa, ko ya samu hannu ya shiga bayan cinya, ko ya saƙala ƙafa, ko ka ga diddigen ɗayan ya bar yashi, to fara dannawa. Ka buɗe ido biyu, ɗaya a kamara, ɗaya a fili. Kunne ma na aiki, domin ihun jama'a da kiɗa sukan canza da zarar an samu riƙo mai kyau.

Ka je wurin atisaye ba tare da kamara ba, sau biyu ko uku. Ka tambayi tsofaffin ƴan kokowa wa ke ɗauka sama, wa ke kama ƙafa, wa ke jira a kawo masa hari. Kowane ɗan kokowa da dabarar da ya fi so, kuma mutanen bakin fili sun san ta.

Ka sa ɗauka a jere, amma kada ka danne maɓalli tun daga farkon karo. Ƙananan kamarori da dama sukan shaƙe bayan RAW shida zuwa goma, su tsaya suna rubutawa a kati, kaye ya zo a lokacin. Ka riƙa sakin uku zuwa biyar, ka ɗaga yatsa. Katin da aka rubuta wa V30 ko U3 yana rage wannan jira.

Kada kuma ka sauke kamara da an yi kaye. Daƙiƙa goma da ke biye sukan fi kayen kansa: wanda ya yi nasara ya ruga, magoya baya sun ɗaga shi, wanda aka kayar yana zaune yashi a bayansa, alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Haka ma kafin karo, lokacin kirari, da ɗaura layu, da makaɗa. Da yawan ɗalibai suna sunkuyar da kai su duba abin da suka ɗauka, hoton da zai ci gasa na wucewa a gabansu.

Ina son a ga gudu a hoton doki. Yaya ake yi?

Ka sauke sauri zuwa 1/60, in hannunka ya saba 1/30. Ka tsaya inda doki zai gifta ta gabanka, ka bi shi da kamara daga ƙugunka, ka danna kana cikin juyawa, ka ci gaba da juyawa bayan ka danna. Da rana sai ka sauke ISO zuwa 100 ka rufe ido zuwa f/16 ko f/22. Mafi yawansu za su lalace. Wanda kan mahayi ya fito da kaifi, baya ya zama zane-zane, shi ake nema. Ka tsaya bayan layin da masu tsaro suka ja, doki ba ya birki.

Ƙura fa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce babbar abokiyar gabar kayanka. Kada ka canza gilashi a fili, ka zaɓi ɗaya tun daga gida. In ya zama dole, ka kashe kamara, ka juya wa iska baya, bakin kamara na kallon ƙasa. Ka rufe jikinta da leda ko tsohuwar riga, ka ɗaure da roba a bakin gilashi. Wajen sharewa, ka fara hura iska da ƴar famfon roba, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyallen gilashi. Wanda ya fara da ƙyalle ko gefen riga, yashi yake gogawa a gilashinsa, kuma wannan karce ba ya fita.

Don ka san ko ƙura ta shiga ciki, ka ɗauki farin bango ko sararin sama a f/16. Ɗigo-ɗigon da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, a kan sansa suke, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kamara. Ka hura da famfo, kada ka sa baki, kada ka sa yatsa.

In wasan dare ne?

Fitilun yawancin filayenmu ba su da ƙarfi. Ka buɗe idon gilashi iyakarsa, ka sauka 1/500, ISO ya hau 6400 in kamara na iyawa, ka jira ƴan wasa su shigo inda haske ya fi yawa. Wutar lantarkinmu mai 50 ce a daƙiƙa, wasu fitilu na ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa a jere ɗaya za ka ga wani hoto ya yi kore, wani ya yi duhu. In kamara na da saitin hana wannan, ka kunna. Kada ka haska filasha a idon ɗan wasa.

Na dawo da hoto ɗari takwas. Yaya zan fitar da ɗaya?

Kafin komai ka kwafe katin a wuri biyu. RAW na kamara mai megafiksel 24 yana cin kusan megabait 25 zuwa 30, katin gigabait 32 na ɗaukar wajen dubu.

Zagaye na farko, ka zubar da duk wanda fuska ba ta yi kaifi ba, komai kyan lokacin. Na biyu, ka zubar da wanda aka yanke ƙafa ko hannu a gaɓa, da wanda ba a ganin fuskar kowa. Za ka sauko wajen talatin. Ka bar su kwana biyu. Dalilin jiran shi ne, kai kana tuna ihu da kiɗa da wahalar da ka sha, alƙali kuwa hoton kawai zai gani, kuma a zagayen farko daƙiƙu kaɗan yake ba kowane hoto. Ka mayar da su ƙanana a allo, kamar girman akwatin ashana. Wanda har yanzu ake gane abin da ke faruwa a cikinsa, shi ne mai ƙarfi. Sannan ka nuna biyar na ƙarshe ga mutum biyu: malaminka, da wani wanda ya san kokowa bai san hoto ba. Kada ka yi musu bayani. In sai ka yi bayani kafin a gane, ba shi ba ne.

In an yarda da hoto uku, kada ka tura uku daga jere ɗaya. Mai rauni na rage darajar mai ƙarfi.

Wane gyara aka yarda da shi, wanne ne ke sa a kori hoto?

Kowace gasa da dokarta, amma a hoton wasanni da na jarida ƙa'idar ɗaya ce: ba a ƙara komai, ba a cire komai. An yarda a datse gefe, a miƙar da hoton da ya karkace, a gyara haske da kala daidai gwargwado, a rage tsaki-tsaki, a cire ɗigon ƙurar sansa. Ba a yarda a goge mutum, ko leda, ko sanda ba. Ba a yarda a matso da ƙwallo ba, ko a haɗa hoto biyu, ko a canza sama, ko a baƙanta wani sashe har abin da ke ciki ya ɓace. Ba a kuma yarda ka ce wa ƴan wasa su sake yin kaye don kamara, ka kawo shi a matsayin karo na gaske ba.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ba ya komai. A 2010 gasar World Press Photo, wadda aka kafa a Amsterdam a 1955, ta janye kyautar matsayi na uku a sashen wasanni daga Stepan Rudik, saboda ya goge ɗan guntun ƙafar wani mutum da ta leƙo a bayan hotonsa. A 2015 gasar ta fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka. Ana ganewa ne domin ana neman ainihin fayil ɗin da ya fito daga kamara, a ajiye shi kusa da wanda ka tura. Shi ya sa ba a goge RAW, kuma yana da kyau ka ajiye hotunan da ke gaba da bayan wanda ka zaɓa.

Yanzu ga sabon tarko. Manhajojin gyara da wayoyi suna zuwa da maɓallin da ke goge abu ko cike gurbi da basirar na'ura, taɓawa ɗaya. Tun bayan 2023, da Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar Sony World Photography Awards yana mai cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hotonsa, masu gasa sun ƙara sa ido. Ka nisanci waɗannan maɓallai gaba ɗaya.

To wane tsari zan bi wajen gyaran?

Lightroom na kuɗi ne, Darktable da RawTherapee kyauta ne kuma suna buɗe RAW. Ka rage hasken allon kwamfuta zuwa wajen rabi, ka zauna inda rana ba ta dukansa. Allo mai haske da yawa na sa ka tura hoto mai duhu ba ka sani ba.

Ka fara da daidaita fari, ka auna da farar riga ko hula da ke cikin hoton. Hunturu na sa komai ya yi ruwan ƙasa. Ka rage kaɗan, kada ka kashe shi duka, domin haka ranar take. Sai hasken gaba ɗaya, ka auna da fuska. Sai ka sauko da wuraren da suka yi fari fat har yashi ya nuna ƙwayarsa, ka ɗaga inuwa kaɗan. In ka ɗaga da yawa, baƙar fata na komawa toka-toka, tsaki-tsaki ya taso. Sai datsa da miƙarwa. Sai rage tsaki-tsaki, kana kallo ɗari bisa ɗari, ka tsaya kafin fata ta koma kamar roba. Kaifi shi ne na ƙarshe. In ka ga farin zare ya zagaye gefen jiki, ya yi yawa. Gyara kamar gishiri ne a miya, in an ji shi da kansa to ya wuce kima.

Baƙi da fari ya halatta a yawancin gasa, kuma yana taimaka wa hoton da rigunan jama'a ke janye ido daga ƴan wasa. Ba ya ceton hoto mara kaifi.

Nawa zan iya datsewa, kuma wane girma zan tura?

Hoton megafiksel 24 yana da fiksel 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. In ka datse rabin kowane gefe, 3000 da 2000 suka rage, wato megafiksel 6, wanda a fiksel 300 ga kowane inci zai ba da bugu mai tsawon santimita 25 kacal. Takardar A4 na son 3508 da 2480. Bugun santimita 30 da 45 na son kusan 5300 a dogon gefe. Kada ka kumbura ƙaramin hoto da manhaja don ya cika sharaɗi. Wajen datsa, ka bar sarari ta inda motsi ya nufa, ka bar yashi a ƙarƙashin ƙafa.

Ka fitar da JPEG, kala sRGB sai in an nemi wata, inganci 90 zuwa sama. Kada ka sa sunanka, ko tambari, ko firam a jikin hoto, domin alƙalai ba sa son sanin mai shi. Kada ka cire bayanan kamara da ke cikin fayil.

Me zan rubuta a ƙarƙashin hoton?

Jimla ta farko ta faɗi wane ne, me yake yi, a ina, yaushe. Ta biyu ta faɗi abin da baƙo ke buƙata don ya gane: wace irin gasa ce, me layun ke nufi ga ɗan kokowa, wa ya ci. Ka nuna wanda ke dama da wanda ke hagu. Ka rubuta sunaye a fili ranar wasan, ka tambayi alƙalin wasa ko shugaban ƙungiya yadda ake rubuta su, har da laƙabin da aka san ɗan kokowa da shi. Kada ka yabi hotonka, kada ka rubuta abin da ke zuciyar mutum wanda bai faɗa maka ba. In Faransanci ko Ingilishi ake nema, ka ba wanda ya iya ya duba maka.

Sai na nemi izini?

A babban fili ka je wurin masu shirya wasa da katin ɗalibi da takarda daga makaranta, kwanaki kafin ranar. A ƙauye ka fara gaida mai gari da sarkin kokowa in akwai, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, hoton kokowa nake so in ɗauka in kai gasa." Wasu ƴan kokowa ba sa son a ɗauke su lokacin da suke shirin asirinsu. In an ce a'a, ka sauke kamara. In yara ne a hoton, kamar a langa, sai da yardar iyaye, kuma wasu gasa na neman ta a rubuce. Ka buga hoto ka kai wa waɗanda ka ɗauka, haƙƙinsu ne, kuma gobe za su ba ka wuri.

Me zan duba a dokokin gasa kafin in tura?

Ko ɗalibi na iya shiga, domin World Press Photo ta ƙwararru ce, wasu kuma kamar gasar Sony suna da sashen ɗalibai daban. Shekarar da aka ce a ɗauki hoton. Ko an yarda da wanda ya riga ya fita a Facebook. Sannan sashen haƙƙin mallaka, wanda ɗalibai ba sa karantawa. Gasar kirki na barin hoton a hannunka, ta nemi izinin amfani da shi don tallar gasar da baje koli kawai. In an rubuta cewa duk hoton da aka tura ya zama mallakarsu har abada, ka bar ta. Haka wadda ta ce ka ci kyauta amma ka fara turo kuɗi. Mai neman ƙarin bayani kan haƙƙinsa a Nijar, akwai hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA.

Yaushe zan tura, kuma ta yaya?

Kwana uku kafin a rufe. Ranar ƙarshe shafin gasa na cunkushewa, a nan kuma wuta ko intanet na iya ɗaukewa. Ka duba agogon da aka rubuta: Nijar na gaban GMT da awa ɗaya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da na Faransa, Ingila na bayanmu da awa ɗaya. Sauran watanni Faransa na gabanmu da awa ɗaya, Ingila ta yi daidai da mu.

Kada hoton ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi ya zubar da bayanan kamara. Ka ɗauke shi da kebul ko kati, in ba hali ka tura shi a matsayin fayil. Ka sa masa suna yadda doka ta ce, ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, domin wasu shafuka ba sa karanta su. Bayan ka ɗora, ka buɗe shi a shafin ka tabbata shi ne, ka ajiye saƙon da ke nuna an karɓa, ka riƙa duba imel ɗinka har da akwatin tarkace, domin idan aka nemi RAW kwanaki kaɗan ake bayarwa.